Ba Tsafin Kyauta

Bayan Isha'i, a shagon Modi na Gawon Nama,
mun ture buhunan albasa gefe.
Kwali ya zama ƙasa, marafan kwalba suka zama mutane,
ƙwaya mai fuska ashirin na jira cikin kofin shayi.
Ni ke riƙe da littafi.
Ni ke cewa ya yiwu, ni ke cewa a'a.

Layar zana ta tsufa, baduhu kowa ya sani,
sagau kuwa tun kaka da kakanni.
Yau kowa zai ƙago wa bokansa na takarda sabo,
sharaɗi ɗaya tak: ba tsafin kyauta.
Ka ɗauki abu a hannun duniya, ka bar mata wani.

Modi ya fara, da kurinsa:
"Nawa in yat tofa, runduna ta koma toka!"
Na ce, to gobe da wa za mu yi faɗa?
Je ka rage.
Ya yi ta gunaguni, ya dawo da 'yar wuta cikin tafi
mai cin gashin gira ɗaya duk kunnawa.
Na rubuta, muna dariya.

Ige ta daɗe tana taunar murfin biro.
Ranar ta tako daga tsohuwar kasuwa har Mabera
a tsakar bazara, kwalta na lasar takalmi.
Ta ce, "Tawa za ta naɗe inuwar dogonyaro
kamar tabarma, ta saɓa a kafaɗa,
ta shimfiɗa inda taga dama."
Farashi fa?
"Tata inuwar ta zauna jingina a gindin itacen.
Kwana uku tana yawo ba inuwa,
karnuka na haushi, yara na nuni."
Ban ƙara ko wasali ba.

Sai Lauwali.
Tun da aka rufe tsohonsa watan jiya
bai cika magana ba,
ga warin bagaruwa da jar fata har yanzu a rigarsa.
Ya zaro ɗan alabe, bakinsa duk ya cinye,
ya aza kan taswira, daidai inda muka zana gulbi.
"Bokana majemi ne," in ji shi.
"In ya shafa fata, sai ya ji muryar wanda ya jeme ta.
Jimla guda. Ko faɗa ne ma."
Fanka na juyi. Ba wanda ya taɓa shayi.
Na ce, me zai biya?
Ya ce, "Ya riga ya biya."

A dokar littafina, irin wannan
sai ƙwaya ta ba da sha takwas.
Na kare shafin da hannu,
na rubuta biyu.

Ya girgiza kofi, ya watsa,
aka ɗauke wuta.
Mun ji ta ƙwas, ƙwas, ta gangara ƙarƙashin buhuna.
Waya huɗu a ɗakin, kowace da tocila,
ba wanda ya kunna.

Modi ne, mai son ƙone runduna,
ya gyara murya cikin duhu:
"Ni na gani. Ashirin ta."
Na ce, to, majemi, fata ta yi ɗumi a hannunka.
Faɗa mana abin da ka ji.