Littafin Mutari Tela

Mutari tela yana da wani littafi
mai baƙin bango, gefensa ya sha man keke.
Duk wanda ya taɓa tsaya masa a Zengo
yana ciki: wuya, kafaɗa, ƙugu.
Ya buɗe mini nawa shafin ana saura kwana goma salla,
shekara tara, layi tara,
kowane layi ya ɗara na samansa.
"Habu," ya ce, "mita huɗu ta daina isar ka."
Ya faɗa yana dariya, da allura a baki.
Ni ma na yi dariya.
A hanyar gida ban yi ba.

A garinmu in ka cika riga sai a ce hutu ne,
a ce Allah ya buɗa.
Ba wanda ya gan ni ina ɗaure takalmi
numfashi na fita kamar zugazugin maƙera.
Ba wanda ya ƙirga sau nawa nake dafa ƙasa
kafin in miƙe raka'a ta biyu.

Likita ba ta yi faɗa ba.
Ta kwance abin awo daga dantsena,
ta tambaye ni shekarun autata.
Na ce huɗu.
Ta ce, "To."
Wannan "to" ɗin na kwana da shi.

Na fara da asuba, bayan sallama,
daga ƙofar gida zuwa gindin duwatsun Birni.
Ranar farko dutse ya dube ni, na dube shi,
na koma gida a kan kabu-kabu.
Masu turin ruwa suna wuce ni da jarka goma,
ni ina haki da jikina kaɗai.
Wani ya ce, "Alhaji, me ya ɓace?"
Na ce ƙuguna nake nema.

Alkaki ne yaƙin.
Wanda bai ci na Damagaram ba
ba zai san girman abin da na ajiye ba.
Gwaggo Gaji na aiko shi duk Juma'a
a kwano mai murfi, yana ƙyalli, yana kira.
Yanzu ɗaya nake ɗauka, in karya biyu,
babban ɓarin ga Barira.
Gwaggo ta zo da kanta, ta leƙa idona:
"Ciwo kake ɓoyewa, ko talauci?"

Sugan shayi daga huɗu ya koma ɗaya.
Fasuma ta ja hannu da mai,
ta kwaɗa zogale da ƙuli,
ta yanka tumatir da kabejin Mirya.
Tuwo na nan, malmala ɗaya.
Fura na nan, ba zaƙi, sai ɗanɗanon geronta
wanda ashe na manta.

Ba zan yi ƙarya ba, na fāɗi.
A sunan ɗan ƙanena na zauna gaban tire
kamar wanda ya dawo daga tafiya.
Akwai watan da ma'auni ya ƙi motsi,
na ce aikin banza ne, na kwanta kwana shida.
Ran na bakwai Fasuma ta ajiye takalmina a bakin ƙofa,
ba ta ce komai ba.

Bana na koma wurin Mutari.
Ya zagaya ni da tef, ya duba, ya sake zagayawa,
ya ce tef ɗin ne ya saki.
Ya aro na maƙwabci.
Sannan ya rubuta layi na goma,
ƙarami, ƙarƙashin manyan yayyensa.

Shaddar ta yi saura.
Da ragowar ya ɗinka wa Barira riga.
Ita ce can gabana a kan dutse,
launinmu ɗaya,
tana cewa in yi sauri.
Ina zuwa.