Hannun Altine

Ranar Laraba aka kawo shi asibitinmu na Gawon Nama,
hannunsa na dama ya langaɓe daga wuyan hannu
kamar ganyen yakuwa da rana ta doka.
Ya ce, "Likita, ko alwala
sai Dikko ya zuba min ruwa."

Ƙanensa ya riga shi bayani: jifa ne.
An sha rubutu, an yi hayaƙi,
an kai shi har Wamakko wurin mai magani.
Wani maƙwabci ya ce shanyewar ɓarin jiki ce.
Na saurara, ban musa ba,
ciwo ba ya son a yi masa gardama a kansa.

Na ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma, ƙafa ta amsa.
Na soka tsinin allura a yatsa, ya ce, "Wash!"
To, ji yana nan.
Na ce ɗaga tafin sama.
Ya zuba wa hannun ido, ya cije leɓe,
hannun ya yi kunnen ƙashi.

Ciki fa? Yana murɗa da dare.
Bayan gida? Sai kwana huɗu.
Mantuwa? Ƙanen ya sunkuyar da kai.

Na ja fatar idonsa, fari fat, ba jini.
Na ɗaga leɓensa na haska tocila:
a bakin dasashi, inda haƙori ya tsiro,
ga wani siririn zane, shuɗi-shuɗi,
kamar an ja da alƙalami.

Sai na ajiye kayan aiki na tambayi abin da ya kamata in fara da shi:
Malam Altine, mece ce sana'arka?

Ya yi murmushinsa na farko.
Fasa batirin mota, bayan Tsohuwar Kasuwa,
shekara goma sha tara.
Ya narka darma a kasko, ya zuba ta a mazubi,
ya goge hannu a riga, ya ɓare goro.
Da ita ya yi aure, da ita ya rufa ɗaki biyu a Runjin Sambo.

Na ɗebi jini, na rubuta sunan gwajin,
ko da yake dasashin ya riga takarda magana.

Suna shirin fita na lura da Dikko
riƙe da takalman uban,
ɗan shekara tara, faratansa baƙi ƙirin.
Wa ke share shagon?
Yaron ya ɗaga hannu da alfahari.

Na jawo wata takardar.
Na ce, zo nan, buɗe baki in gani.