Kwalbar Baba Tanimu

Da sassafe, kafin ruwan Ikko ya sake tsinkewa,
Baba Tanimu ya sauka daga danfo a Yaba,
rigarsa na warin karar Oko-Oba,
a aljihunsa kwalbar maganin tari
da gawa biyar kwance a gindinta.
Ya ce, "Barmani, ke da kika yi boko,
nuna mini wanda ke ramar mini da bijimai."

Na juye su a faranti, na kunna fitila.
Yau masu wuta sun yi mana adalci.

Na farko ya ɗora fiffike kan fiffike
kamar almakashin tela bayan an tashi aiki.
Bakinsa tsinke ne, miƙe gaba, ba ya rusunawa.
Na shimfiɗa fiffiken a ƙarƙashin madubi:
ga ɗan gatari nan zane tsakanin jijiyoyi,
hatimin da babu mai shi sai tsando.
Wannan ba ɗan gari ba ne, Baba.
Tirela ya hau, wataƙila inda kuka tsaya bakin ruwa,
ya biyo ku har Agege bai biya ko sisi ba.

Na biyu, da a bakin kwano ka gan shi
sai ka ce na gida ne, ka kore shi da bayan hannu.
Amma dubi ɗige-ɗigen cikinsa,
dubi mashin da ya leƙo ƙarƙashin kai.
Na gida lasa yake yi. Wannan huji.
Shi ke sa saniya ta yini tana buga ƙafa
har ta manta da harawar gabanta.

Na uku ƙatuwa ce, ɓoɓuwa,
idanu kore masu ratsi kamar tabarau ɗin ɗan acaɓa.
Ba su haɗu a goshi ba, saboda haka mace ce,
kuma macen ce ke shan jini, namijin furanni yake bi.
Baba ya buɗe baki.
Na ce, kada ka soma.

Na huɗu shafaffe, kamar an taka shi ya ƙi mutuwa,
jiki kamar fatar jima, farata masu ƙugiya,
mai lafewa ƙarƙashin wutsiya inda bulala ba ta kai.

Na biyar ne ya sa na ajiye hantsaki.
Launin ƙosai da bai gama soyuwa ba,
baƙin ratsi biyu a gadon baya,
baki kuwa babu mashi ko kaɗan.
A ina ka kama wannan?
"A gida. Bayan ɗaki, wajen shanya."

Sai na tuna jikarsa, Uwani,
ranar Juma'a tana ɗingishi a tsakar gida,
maruru uku a cinya,
kowanne da ɗan rami a ka, kamar yana numfashi.

Baba, wannan ba ta cizo.
Ƙwai take sa wa zanen da ya taɓa ƙasa a inuwa,
tsutsa ta jira ɗumin jiki, ta shige.
Ba shanunka take nema ba.
A toshe ramin da basilin, za ta leƙo da kanta.
Kowane tsumma a yi masa guga, ciki da waje,
har ɗan kamfai, har zanen goyo.

Ya miƙe. Bijimai sun fita daga kansa.
A bakin ƙofa maigadi ya ɗaga murya:
"Aboki! Kwalbarka!"
Shekara arba'in da ɗaya yana garin nan,
bai waiwaya ba.

Na koma kan tebur na yanka takarda biyar.
Kowane ɗaya na soka masa allura,
na rubuta masa sunansa cikakke,
da wurin da aka same shi, da kwanan wata,
da sunan wanda ya kawo: Tanimu Ɗangaladima.
Ruwan ya sauko a kan kwano
kafin in kai ga na ƙarshe.