Gatarin Reino

Reino, yau ma na goge gatarinka,
na mayar da shi ƙusar da ka saba,
ƙofa na ta kuka saboda ɗari.

Shekara arba'in da shida ka yi.
A ƙauyenmu na Kareliya ta Arewa
ba wanda ya ce ka yi gaggawa.
Haka mazan daji ke tafiya, in ji su,
kamar itacen da suke sara: tsaye, sai ƙasa, ba shiri.

Ni na kaɗa, ni na shafa.
Man shanu bisa burodi, kaurin tafin hannu,
har a gahawa kakan jefa ɗan curi.
Kifin tafki kuwa mun binne shi a ganga
sai da ya manta ruwa, ya koma gishiri.

Wa zai ce da mai saran itace ya ci ganye?
Ka ce ganye na zomo ne da Kukka, saniyarmu.
Ka kunna taba da wutar wadda ta ƙare,
ka yi tari, ka yi dariya,
wai ƙirjin namiji an yi shi da tauri.

Talata ce. Arvo ya zo da hula a hannu,
ƙanƙara na narkewa a girarsa.
Ya ce ka dafe ƙirji, ka zauna kan kututture
kamar mai son ya ɗan huta.
Bai shekara ba shi ma ya bi ka,
sai Eino mai doki, sai ƙanen Eino.
A coci, bencin mata baƙi ƙirin,
bencin maza sai sarari.

Bara wata ma'aikaciyar jinya ta zo bisa keke,
ta ɗaura wa Tapio ƙyalle a damtse, ta hura,
ta dubi allurar, ta dube ni.
Shekarunsa ashirin da uku, Reino.
Ta ce kitse na taruwa a hanyar jini
yadda gumagumai ke cushewa a kogi,
ruwa na turowa ta baya, gaba ba wuri.
Na san wannan cushewar, ka sha ba ni labarinta,
ka ce nan aikin ya fi hatsari.

Kwana uku ina fushi da ita.
Wato hannuna ne? Wato Kukka ce,
da ta tsamo mu daga yunwar bayan yaƙi?
Rana ta huɗu na ɗau kwando,
na tsinko jajayen 'ya'yan dajin nan masu tsami
da muke takawa ba mu ko duba.
Na jiƙa kifin ya kwana a ruwa,
na dafa shi fari.

Tapio na ƙorafi, wai miya ta yi lami.
Yana tura kabeji gefen kwano, irin naka,
ni kuma ina mayar masa tsakiya.
Taba ce har yau muke ja-in-ja,
yana laɓewa bayan ɗakin itace, ina jin ƙauri.

Ban sayar da Kukka ba, ba zan iya ba.
Ina kai manta kasuwa,
in dawo ina tunanin teburin wa ya hau.
Ran Lahadi nakan lakato kaɗan a bakin wuƙa,
in shafa har ana hango burodin ta ciki,
in ci a tsaye, da haƙuri.

Gatarin na nan.
Tapio ya ce gobe zai ɗauka ya shiga daji.
Na sa masa tuffa biyu a aljihu,
na ce wannan karon kada ya bari.