Milimita Biyu

A shagon Don Nibaldo, can Punta Arenas,
inda iska ke dukan ƙofa kamar mai bin bashi,
ya ɗora idanun kyamara biyu a kan kanta,
ya ce, "Zaɓi, Eliana. Ni ba na zaɓar wa mutum ido."

Na farko, sha huɗu zuwa ashirin da huɗu,
goshi a kumbure kamar ƙwan jimina,
kilo guda cur,
ba shi da bakin da za a ɗaura masa matatar haske.
Na biyu, sha shida zuwa talatin da biyar,
marar nauyi, marar fankama,
aljihun rigar sanyi ma ya ishe shi ɗaki.
Milimita biyu ne tsakaninsu,
amma a cikin biyun nan, in ji tsohon,
akwai gajimaren da ɗayan ba zai taɓa gani ba.

Na leƙa ta na farko. Titi ya wage baki,
sandunan fitila suka karkato kamar masu gulma,
takalmina ya shigo hoto ba gayyata.

Kuɗin askin tumakin bana ne a jakata, dukansa,
ba zai sayi biyu ba.

Ban gaya masa don wa nake saye ba.
Babana Aladino, shekara arba'in yana kiwo
a gindin duwatsun nan uku masu tsini,
yanzu yana Puerto Natales, a ɗakin da tagarsa ke kallon katanga.
Abu ɗaya ya roƙa:
"Ki kawo mini wurin duka. Kar ki yanke masa gefe."

Don haka na ari mai kumburin, kwana uku, na bar agogona jingina.
Na hau tun duhu bai yaye ba,
madauri yana cin kafaɗata,
na kafa mai ƙafa uku, na danne shi da dutse,
na buɗe idon har ƙarshensa.
Komai ya shigo: tafki, sama, dusar ƙanƙara, gabas da rabin arewa.
Sai ga duwatsun da suka tsufar da ubana
sun zama haƙora uku a bakin jariri.
Feshin tafki ya zauna wa goshin gilashin,
ina sharewa, yana dawowa.
Kwaɗayi mabuɗin wahala.
Na ɗebi duniya, hannuna ya dawo wayam.

A kwana na uku gwiwata ta gaji, na durƙusa,
kusa da wani turken shinge da ya yi furfura.
Ban cire idona daga kyamarar ba.
Turken ya miƙe, ya cika gaba,
wayar da aka murɗe a wuyansa ta fito har tsatsarta,
duwatsun kuma suka tsaya a bayansa
kamar manyan da suka zo rakiya.
Ashe faffaɗan ido ba na nesa yake nema ba,
so yake ka matso, ka sa gwiwa a ƙasa.
Na duba lambar da na tsaya a kai: sha takwas.

Na mayar da mai kumburin, na karɓi agogona,
na sayi ƙaramin, da matatar haske, canjin ya kai ni gida a bas.
Don Nibaldo bai ce uffan ba, ruwan zafi kawai ya ƙara wa ƙoƙon shayinsa.

Na koma, na sake durƙusawa, na wanke hoton babba.
Baba ya kawo shi dab da hanci.
Bai ko dubi duwatsun ba.
Ya sa farce a kan wayar.

"Wannan murɗin nawa ne," ya ce.
"Shekarar da doki ya karya mini ƙafa."

Ya daɗe shiru.
Sannan ya ce in kafa masa shi ƙasa-ƙasa,
daidai inda hannu zai kai daga gado.