Layi Na Goma

An turo ni daga Kaduna da fom mai layi goma,
da igiyar awo, da biro biyu, ɗaya ba ya yi.
Aka ce: je ka ƙasar Kauru, ka ƙirgo abin gado.
Na isa Tudun Tama takalmi duk taɓo,
damina ta cinye hanya tun daga gada.

Cindo ne ya yi mini jagora,
mai facin keke ne, bai ce shi masani ba ne.
Ya tsaya tsakiyar gonar dawa, ya buga ƙafa:
"Nan kakanni suka narka ƙarfe."
Na tona, kashin tama ya fito baƙi wuluk,
nauyinsa ya fi girmansa.
Na rubuta: matoya, ɗaya, ta rushe.

Ganuwa saura taku arba'in,
akuya na bisa tana tuƙa.
Kan fa kuma ramuka bakwai, sumul,
inda mata suka niƙa tamba
har dutse ya gaji ya lotsa.
Yau ruwan sama ne a ciki, da talibambam.
Na auna, na rubuta.

Da la'asar sakaliya Tasalla ta tare mu a bakin rafi,
da ɗaurin kirare a ka.
"Yaro, me ya ɓace maka?"
Na karanta mata fom.
Ta ce: "Ka sa karofin ubana?
An cike shi, an ɗora shagon caji a kai,
ni kaɗai na san inda bakinsa yake.
Ka sa yadda ake gane yumɓun tukunya?"
Ta duƙa, ta lakato laka, ta ɗora a harshe,
ta tofar. "Wannan za ta fashe a wuta.
Ta kirki na can ƙarƙashin ɗinya."

Na duba takarda.
Akwai tsawo, akwai faɗi,
akwai halin da abu ke ciki.
Ba a bar wa harshe gurbi ba.

Sai na sa sunanta a layi na goma.
Shekaru: ta ce tun shekarar fāra.
Hali: tana tari, amma tana tafiya.

Cindo ya leƙo ta kafaɗata, ya yi dariya.
"To, in ka koma ofis," ya ce,
"ka gaya musu gadar ma ta kusa zama tarihi."