Mai Gyaran Agogo a Ƙofar Tiyata

Shekara arba'in da ɗaya ina buɗe cikin agogo
a shagona, kan tudun Cordillera,
inda Valparaíso ke gangaro da gidajenta bakin teku.
Lokacin mutane nake gyarawa,
amma ban san nauyin minti ba sai ranar Talata.

Gaspar, ɗan 'yata, shekara biyu da wata uku,
yana ƙarƙashin teburi da murfin gwangwani.
Wani direba ya kawo makullin mota a sauya batiri.
Na cire tsohon, na ajiye gefen hantsaki,
na juya neman canji.
Shi ke nan. Juyawa ɗaya.

Bai yi wani kuka ba, abin da ya ruɗe ni ke nan.
Miyau kawai ke dalala har wuyan riga.
Na miƙa masa burodi, ya kau da kai,
yaron da ke ƙwace loma a bakin kare.
Na dubi gefen hantsaki. Wayam.

Na ce, Ximena, ai mataccen batiri ne.
Ta ce, Baba, ɗauko shi mu tafi.
Matar da ta amsa waya ta ce kada a zura masa yatsa,
kada a sa shi amai.
Ta tambayi shekarunsa, sannan ta ce zuma,
ƙaramin cokali biyu duk minti goma,
kuna tafe kuna ba shi.
Ita ta riƙe cokali, ni na riƙe agogo,
tasi na karya kwana tana zubo mu ƙasa.

A asibiti suka haska ƙirjinsa.
Dakta Urrutia ta ɗora yatsa kan hoton:
ɗan farin wata a gindin wuya,
zobe a cikin zobe.
Ta ce, da tsabar kuɗi ce, da'ira ɗaya za ka gani,
da mun ɗan sami sarari.
Wannan kuwa, ko ya mutu ga makulli, bai mutu ga nama ba.
Da ya ji damshin maƙoshi zai fara ci,
awa biyu sun ishe shi ɓarna.

Ni da na sayar da dubunsu,
ina cewa, riƙe, zai kai ka shekara.

Aka sa hannu, aka tura gado.
Takalminsa ɗaya ya rage a hannuna.
Agogon bangon yana gaba da minti huɗu.
Na so in taka kujera in kama allurarsa,
in yi ta mayarwa baya
har direban nan ya fita da baya daga shagona.

Sun ce bututu ne mai ido da fitila,
ta baki za a bi, yana barci,
da ɗan hantsaki a kansa.
Ashe sana'armu ɗaya da matar nan:
a ɗauke numfashi, kada hannu ya yi rawa.
Sai dai nawa, in ya ƙi, akan sayi wani.

Minti talatin da bakwai.
Ta fito da 'yar kwalba.
Ga shi a ciki, gefensa ya yi baƙi kamar an gasa.
Ta ce akwai ƙuna, faɗin farce, amma bai huda ba.
Zai kwana nan, ba kwana ɗaya ba,
don irin wannan wuta takan ci gaba bayan an ɗauke garwashi.
In kun ga jini, ko ɗigo ne, ku kira.

Da dare na koma shago da tocila,
na rarrafa da gwiwoyin da suka manta rarrafe.
Goma sha tara na tsinto, har a bayan akwatin kuɗi.
Na naɗe kowanne da salatif, na sa a gwangwani, na kulle.

Ximena ba ta ce mini komai ba.
Da ma ta ce.

Da safe ya buɗe ido, muryarsa a dishe,
ya ce, burodi.
Nas ta girgiza kai, ba yau ba.
Ya ɓata fuska, ya tsandara ihu,
ni kuwa ina tsaye da takalminsa ɗaya,
ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi haka ba.